Hancin Koki

Tsafack kafinta ne a birnin Duwala na Kamaru, mutum mai auna kowace halitta da amfaninta. A ganinsa, kare ko ya yi gadi ko ya yi farauta, wanda bai yi ko ɗaya ba kuwa ciyar da shi ɓarna ce. Saboda haka bai taɓa ɗaukar Koki da daraja ba.

Koki irin karnukan nan ne da ake kira pug: gajere, dunƙulalle, baƙar fuska a tattare, idanu a waje, wutsiya a nannaɗe bisa baya, hanci kuwa kamar an danna shi ciki da babban yatsa. In baƙo ya shigo, lasar ƙafarsa yake yi. Honorine, matar Tsafack, ita ta kawo shi daga gidan da ta yi aikin girki. Da ta rasu sai karen ya liƙe wa mijin, yana bin sa duk inda ya sa ƙafa, yana minshari ƙarƙashin teburin aikinsa.

Da zafin Maris ya tsananta, wata rana da tsakar rana Koki ya faɗi yana kakari, harshensa ya yi shuɗi. Mutumin da ke cewa ba ruwansa da shi ya sungume shi a guje zuwa wurin likitar dabbobi.

"Baba, kare da haki yake sanyaya jikinsa," in ji ta. "Wannan kuwa ina hancin? Ko ka kai shi inda ake sanyi, ko ka fara auna masa akwati, tunda sana'arka ce."

Sanyi yana Dschang, garinsu na kan duwatsu. Sai dai Tsafack bai halarci babban bikin makokin mahaifinsu ba, kuma tun daga nan kunya ta hana shi zuwa gida. Ya zauna ya auna al'amarin yadda ya saba. Kunya nauyi ce da mutum zai ɗauka ya rayu, zafin Duwala kuwa Koki ba zai ɗauka ba. Ya hau mota da karen a cinyarsa.

Ya tarar da yayarsa Pauline tana ɓarar wake a ƙofar gida. Ta dube shi, ta dubi abin da ke hannunsa.

"Ubanka bai kawo ka ba, sai wannan mai fuskar tsohon alƙali?"

"Yaya, ajiye shi zan yi wurinki in koma."

"To, ajiye. Taka zuwa bakin hanya mu gani."

Ya taka. Koki ya biyo shi yana tangaɗi, yana gurnani ta ɗan hancinsa, ya zauna daram a kan takalminsa.

"Ka gani, ƙanena? Ni ba na riƙon rabin kaya. Ƙofar ɗakin Baba ta daɗe a karye, ga shi Allah ya kawo kafinta."

Ya gyara ƙofar, ya gyara taga, bai sake maganar komawa ba. Koki ya warke, ya ƙara ƙiba, minsharinsa har maƙwabta.

Tsafack bai rushe ƙa'idarsa ba, ya dai yarda cewa ma'auninsa ne ya yi gajarta, domin a lissafin amfanin kare bai taɓa sa zama kusa da mutum ba. Kowace safiya yakan jiƙa ƙyalle ya goge tattarar fuskar Koki ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa Honorine addu'a da godiya.

"Wanke shi da kyau," Pauline kan ce daga madafa. "Shi ne ɗan'uwana mai zumunci."