Kwat ɗin Shumeka

Ranar da za a binne mijinta, igiyar takalmin Gwaggo ta tsinke a bakin ƙofar coci. Tana tsaye da ƙafa ɗaya a ƙasa, ta rasa mijin za ta yi wa kuka ko takalmin, sai ga Shumeka ya durƙusa, ya zaro allura daga bakin hularsa, ya ɗinke igiyar tana dafe da kafaɗarsa. Ko sannu bai tsaya yi mata ba. Tun ranar take ce masa ƙanena.

Gajere ne, teburinsa na ƙarƙashin matakalar wani bene, kullum da ƙusa tsakanin haƙoransa. Shi ke jera bencuna a coci tun gashinsa na baƙi, kuma in benci ya karkace, wa'azi ba ya shiga kunnensa sai ya gyara.

Shekarar da za a zaɓi sababbin dattawan coci, ya riga kowa shiri: ya sayi kwat, hannuwanta har sun rufe masa yatsu. Aka kira sunaye, babu nasa. Satin nan duk takalmin da ya faɗa hannunsa ya sha gudumar da ta fi laifinsa.

Sai wani mai wa'azi da ya buɗe sabon coci a tsallaken titi ya kawo gyara, ya zauna yana zuba masa daɗin baki. Mutum kamarsa a ce yana jan benci? Ya zo wurinsu, kujera mai laushi na jiransa a gaba, da sunan dattijo.

Da labari ya kai wa Gwaggo, ta ɗauki takalmi mai lafiya ƙalau ta tafi wurin Shumeka.

"Yaya, ai wannan ba abin da ya same shi."

"Na sani. Mai gyaran na zo dubawa. An ce za ka tsallaka titi."

Ya tofar da ƙusa. "Can an san darajata. Nan kuwa, ina jin Ubangiji ma a bencin baya ya ajiye ni."

"Ranar baftismarka me ke jikinka?"

"Singileti."

"Mai huji a hammata, ina wurin. A haka aka ce maka kai ɗan Allah ne, ƙaunatacce. Ko ka ji an ce sai ka dawo da kwat?"

"Yaya, bakinki ya fi allurata tsini."

Ran Lahadi Gwaggo ta hango shi ta tagar coci, tsaye a bakin titi cikin kwat, mai wa'azin na yafuto shi daga can. Motoci suka wuce, hanya ta buɗe, bai motsa ba. Ta sake buɗewa. Leɓensa kawai ke motsi. Can sai ya tuɓe kwat ɗin, ya juyo, ya shigo yana gumi, ya nufo bencinta.

"Ɗaga ƙafa, Yaya, kin karkatar mini da layi."

Bayan an tashi ta ce, "Me ka tsaya faɗa a bakin titi?"

"Ubangiji na tambaya ko har yanzu yana so na haka nan, ba kujera. Kafin in rufe baki na ji kunyar tambayar." Ya miƙa mata kwat ɗin a ninke. "Ki sa mini ita can ƙasan akwatinki. Ko na zo ina rantsuwa biki za ni, don Allah kada ki ba ni."