Na Kai Ƙarar Mai Daka

Jama'a, yau ni Alhaji Sabo na tafka wauta da girmana, ku matso ku sha dariya!

Kun san kullen korona ya ritsa da ni a gidan 'yata Hadiza a unguwar Taman Melati, can ƙasar waje. To kullum da hantsi, da na fara gyangyaɗi, sai daka daga benen samanmu. Dum! Dum! Na doki silin da sanda har na gaji. Yau na sa babbar riga da takunkumi, na kai ƙara wajen shugaban kwamitin gidan. Na ce, "Noise too much, lah!" Iyakar Turancina ke nan, har da "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke ƙarasa magana da shi.

Ya ce in ya tabbatar, daga yau an hana dakan. Muka hau, Hadiza na bina tana cewa, "Baba, don Allah ka bari."

Wata 'yar tsohuwa ta buɗe, Makcik suke ce mata, wato Inna a yarensu. Ga turmin dutse, ga barkono, ga robobin shinkafa jere har bakin ƙofa! Ashe baiwar Allah ita kaɗai ke dafa wa maƙwabtan da kulle ya hana fita, kyauta, ta rataye musu a ƙofa. Har da tamu! Ni kuwa kullum ina lashe robar ina shi wa gwamnati albarka.

Shugaban ya faɗa mata abin da ya kawo mu, na fara kame-kame. Ta dube ni ta yi magana, Hadiza ta fassara tana danne dariya:

"Baba, ta ce daga gobe taka shinkafar fara ƙal za ta zo, tunda dakan yajin ke hana ka barci. Kuma ka dawo mata da robobinta."