Kaset ɗin da Kaka Ta Cinye da Kallo

Akwai wata ƙara da keken ɗinki ke yi idan ana naɗa zare a kwarkwaro, 'yar siririyar ƙara mai sauri wadda ke ƙarewa da ƙas. Na yi shekaru ina ɗinki a Magariya, amma har yau in na ji ta sai gabana ya ɗan faɗi, domin haka bidiyon gidan malaminmu Mushe ke kuka idan ana mayar da kaset baya. In a zamanin salula ka tashi, ba lalle ka san wannan kukan ba. Ni kuwa da shi na girma.

A Waca aka haife ni. Ina goye mahaifina ya tafi cin rani Kano, bayan an kai gero rumbu, kamar yadda samarin garinmu ke yi kowace shekara su dawo kafin ruwan shuka. Shi bai dawo ba. Shekarar farko ya aiko da atamfa da sabulu, ta biyu gaisuwa ce kawai a bakin wani ɗan garinmu, daga nan sai shiru. Wasu suka ce ya gangara kudu, wasu suka ce an gan shi kwance ba lafiya a wata tasha. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Muka zauna a gidan Baffa, yayan mahaifina, ni da Inna da Kaka, wadda ta haife su. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika dubana a gaban mutane ba. A ɗakin Kaka nake kwana, a kwanonta nake ci, ita ke ce mini ƙawata, ni kuma in ce mata tsohuwa mai rowar goro.

Shekarar da na shiga lakwal, wato makarantar boko, aka kawo mana sabon malami daga Magariya, muna kiran sa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Ya zo da tele da bidiyo da ɗan injin wuta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Matarsa mutuniyar kirki ce. Ranakun da babu lakwal, bayan la'asar, sai ta rufe taga da bargo ta bar matan unguwa su shigo kallo. Yawancin kaset ɗin na makaɗa ne, daga kasuwar Kano ake kawo su: wasan mawaƙa a babban fili, da masu kalangu a jere da 'yan amshi cikin manyan riguna, da na mata masu kiɗan ƙwarya. Akwai wani ma da aka bi wani tsohon makaɗi har gidansa, ana nuna yadda yake jeme fata yana ɗaure ganga, yana ba da tarihin gidansu. Ɗakin kan cika da warin man inji da zufa da turaren matar Mushe, mu yara muna gaba a ƙasa, wuyanmu a miƙe.

Da farko Kaka ta ƙi zuwa. Ta ce ita ta ga makaɗa da idonta tun kafin a haifi mai akwatin, ba ta ga abin da za ta je nema a cikin gilashi ba. Amma waƙar na tsallako katanga ta iske ta, sai ka ga tana kaɗa ƙafa tana tsinkar zogale. Wata rana dai ta yafa zane ta biyo ni, wai ta zo ta ga abin da ke hana ni wanke-wanke.

Wasan wani babban mawaƙi aka sa ranar. Ana cikin waƙa mai ɗaukar hoton ya juya kan 'yan kallo, yana bin su layi-layi. Sai ga wani mutum zaune a benci cikin farar riga da hula, yana dariya har haƙoransa a waje. Bai fi ka haɗiye yawu ba hoton ya koma kan masu kalangu. Kaka ta miƙe tsaye, zanenta ya zame daga kafaɗa.

"Ku tsayar da shi. Autana ne."

Matar Mushe ta danna, kaset ya yi wannan kukan ya koma baya. Mutumin ya sake fitowa, ya sake dariya, ya sake wucewa. Kaka ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ɗora yatsa a kan fuskar. Ta jawo ni da ɗaya hannun ta ce, "Ƙawata, ga ubanki. Dubi goshin, naki ne sak." Na duba inda yatsanta ke nunawa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, na kuma ji kunya, kamar baƙo ya kama ni ina kallon sa.

Ka san abin da ke ƙasa a lokacin? Dangin Inna sun gaji. Shekaru sun tafi, ba miji ba labari, yarinya ce da sauran ƙuruciyarta, kuma yayyenta sun fara maganar a je gaban alƙali a raba auren. Kaka ce ke tarewa kullum, tana cewa a ƙara haƙuri zuwa kaka mai zuwa. Yanzu ga hujja ta samu: ɗanta na raye, da ƙoshin lafiya, har yana zuwa kallon wasa. Wanda ke raye kuwa zai dawo. Abin da ya rage shi ne matarsa ta gani ta shaida.

Inna ba ta zuwa kallo, sai da Kaka ta aika mata har sau biyu. Ta shigo ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta zauna ba. Aka mayar da kaset. Ina kallon fuskarta, ba telen ba. Ba ta motsa ba har wurin ya wuce, sai dai na ga ta damƙe bakin mayafinta. Matar Mushe ta tambaya ko a sake, Inna ta girgiza kai.

"Iya, ba shi ba ne," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni na haife shi."

"Na sani, Iya. Kama ce kawai."

Ta juya ta fita. Kafin damina ta kama an raba auren, bayan idda kuma aka ɗaura mata da wani manomi a Dogo-Dogo. Ranar tafiyarta ta tsaya a ƙofar ɗakinmu ta durƙusa ta yi wa Kaka sallama. Kaka ta amsa tana kallon bango. Ni ma bangon na kalla. Na tsani Inna a wannan rana, ba zan ɓoye maka ba, kuma na daɗe da wannan tsanar a cikina. A ganina ta ƙaryata ubana ne don ta samu hanyar tafiya.

Baffa ya je Kano sau ɗaya, don Kaka ta hana shi sakat. Ya zaga wajen masu sayar da kaset yana tambaya, suka ce su mawaƙin suka sani, wa zai san ɗan kallo a cikin wannan taro? Ya dawo da ciwon ƙafa da ledar burodi.

Daga nan kaset ɗin ya zama wajen ziyarar Kaka. Ba ta zuwa hannu rabbana: yau ƙwan zabi, gobe gyaɗa a bakin zane, jibi ɗanyar kuɓewa. Matar Mushe kan jira sauran mata su watse ta sa mata. Kaka ta haddace baitin da ke zuwa kafin a juyo da hoton, da ta ji shi sai ta gyara zama ta share ido. Tana yi masa magana kamar yana ji. Ta gaya masa an yi fari a gonar gabas, ta gaya masa akuyarsa ta haifi biyu, ta yi masa faɗa a kan ya rame a wuya. Wani lokaci ta ce a tsayar da hoton cak, fuskar na rawa a gilashi, ita kuma tana zaune tana kallo har injin ya fara tari.

Mushe ne ya fara lura. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Iya, wannan abin zare ne a ciki. Duk mayarwa da tsayarwa ana kankare shi ne. In ana yi kullum a wuri ɗaya, wurin zai mutu." Kaka ta ce ta ji. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta ce daga yau sai Juma'a, sau ɗaya tak, babu mayarwa. Ta yi Juma'a biyu a haka. A ta uku, da fuskar ta wuce, ta dubi matar Mushe ta ce, "'Yar nan, ɗan ƙara mini, ban gan shi da kyau ba."

A gaban idona ubana ya ƙare. Da fari wasu fararen layuka ne suka riƙa ratsa shi. Sai hular ta narke, sai idanun suka zama ramuka biyu. Dariyar ce ta fi daɗewa. Daga baya in an zo wurin sai gilashin ya cika da yayyafi fari da baƙi, waƙar ta shaƙe kamar an toshe wa mawaƙin baki, sannan komai ya dawo tas a kan masu kalangu. Duk sauran wasan lafiyarsa lau, har zufar goshin 'yan amshi kana gani. Wurin da ake so ɗin ne kawai babu. Kaka ba ta daina zuwa ba. Takan ɗora yatsa a kan yayyafin, daidai inda fuskar take a da, ta ce, "Ga shi nan." Ni kuma in ce na gani.

Da aka canja wa Mushe wurin aiki, ya bar wa Kaka kaset ɗin kyauta. Ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta sa a cikin kwallarta, tare da likkafanin da ta tanada. Babu wani mai bidiyo a unguwarmu bayan su. Ta rasu da sanyin wata shekara, ina budurwa, tana tambaya ko motar Magariya ta iso.

Bara ɗana ya dawo daga kasuwa da ɗan katin salula da ya kai aka zuba masa waƙoƙi. A cikin tarkacen da mai turawar ya haɗa masa har da tsofaffin wasannin makaɗa. Ina ɗinki na ji baitin nan ya fito daga ɗakinsa. Ƙafata ta tsaya a kan keke. Na je na karɓi salular. Wani ne can ya ajiye nasa kaset ɗin da ba a cinye ba, aka kwafe. Ga farar riga, ga hula, ga dariya, tas kamar jiya aka ɗauka. Sai dai wannan karon babu yatsan Kaka da zai nuna mini inda zan duba, don haka na ga hoton duka. A cinyar mutumin akwai 'yar yarinya da kitso da 'yan kunne. Ya riƙe hannayenta biyu yana tafa mata su. Ita yake yi wa dariyar.

Na kwana biyu ban gaya wa kowa ba, sannan na hau kabu-kabu zuwa Dogo-Dogo. Tsakanina da Inna gaisuwar salla ce da ta biki, ba mu taɓa zama mu biyu ba. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa, ta yi ƙanƙanta. Bayan gaisuwa na buɗe wurin na miƙa mata salular. Ta nisanta ta da idonta, ta kalla sau ɗaya.

"Shi ne," in ji ta.

"Inna, kin ce ba shi ba ne."

"Na ce." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Tun daga bakin ƙofa na gane shi, na kuma ga ɗiyar. Iya fuskarsa kawai take gani. In na ce shi ne, wata rana idonta zai sauka ƙasa, ta gane ba ɓata ya yi ba, zama ya yi. Gara ta ce ni ce na kasa haƙuri." Ta hure ɓawon da ke tafinta. "Ke kuma kina tsaye a gabana da tsagaggen zane, kina murna kin ga ubanki. Me zan ce miki?"

Ta miƙo mini salular, ta kira sunana, sunan yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce in sa abin nan a jaka in matso in taya ta, rana na yi. Na matsa. Muka ɓare gyaɗar nan har ta ƙare, hawaye na zuba a kan hannuna, ba ta hana ni ba.

Yanzu yara na gaya mini hoton salula ba ya gogewa, ko sau nawa ka mayar da shi baya yana nan yadda yake, suna faɗa suna alfahari. Ni ban sake buɗe shi ba. Kaset ɗin Kaka kuwa yana cikin akwatina a ɗankwalinsa, babu sauran na'urar da za ta karɓe shi a duk Magariya. A da ina jin haushin yadda ya lalace. Yau in na tuna tsohuwar nan da yatsanta a kan yayyafi, sai in gode wa Allah da wurin ya mutu kafin idonta ya sauka ƙasa. Ranar kasuwa mai zuwa zan koma Dogo-Dogo, na ɗinka wa Inna riga.