Baba Sumana da Ƙofar Magaza

Da an sallame asuba Baba Sumana yake isowa magazar hatsi ta Goudel, babban rumbun nan na Yamai, a kan tsohon kekensa. Ya share bakin ƙofa, ya cika randa don masu jiran awo, ya zauna. Shekara ashirin da uku yana gadin nan. A watan nan ya ajiye aiki, ba wanda ya tara masa mutane. Ni Kabiru, da na bar lakwal tun aji biyar, na ce sai na rubuta.

A shekarar fari ta 1984 ƙauyuka suka zubo Yamai. Kwana tara ba a yi awo ba. Magana ta bi gari cewa magaza cike take, manya ke ɓoyewa don 'yan kasuwa. Yunwa ta samu jita-jita, sai muka taso da hantsi, wasu da duwatsu, wasu da kananzir. Ina cikinsu. An ce motar soja tana hanya.

An hana Baba Sumana buɗe ƙofar ko wa ya zo. Ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, kafin ku ƙona, ku ba ni tsofaffi uku su gani da idonsu."

Inna Kande mai fura ta ce, "Kai Sumana, in ƙarya kake, da ludayin nan zan fara da kai!"

"Na yarda, Yaya. Shigo."

Ya juya makulli. Tsofaffi uku suka shiga, suka daɗe. Da Inna ta fito sai ta zauna a ƙasa, ta ce, "Buhu shida ne. Ɓera ma ya yi ƙaura." Wasu suka yi dariya, wasu kuka. Kafin soja su iso fili ya watse.

Shi kaɗai suka tarar. Ya yi wata guda a tsare, ya fito yana ɗingishi, har yau. Sun nemi sunayenmu, ya ce tsufa ya ci idonsa.

Baba, kai ne bangon da ya tare mana. Ka san fuskata sarai, ka san uwata, ba ka taɓa tayar mini da zancen ba. Na gode. Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu riƙe da makullai yau, in jama'a ta taru a ƙofarku, ku nuna musu abin da ke ciki tun ba su ɗauki dutse ba.