An Sallame Shi, Ba a Wanke Shi Ba

Shekara ashirin da uku mai gyaran takalmi ya yi a gindin katangar kotu, da akwatin ƙusoshi da basilla da wani benci mai ɗingishi. Bai taɓa leƙa makarantar lauyoyi ba, amma duk wanda ya fito daga cikin kotun yana zare ido, wurinsa yake nufa. Masinjoji ma Babban Lauya suke ce masa, shi kuwa ya amsa ko kunya babu.

Fassararsa ba ta da kwana-kwana. Sammaci, in ji shi, gayyata ce wadda ba a ce mata "ina da uzuri". Beli kuwa aron kanka aka ba ka, ka dawo da shi ranar da aka ce. In alƙali ya ce ba shi da hurumi, to ka yi ɓatan kai, nemi wata kotun. Wanda aka ɗage wa ƙara, hannu kawai yake miƙa masa: "Kawo takalmin a ƙara masa dunduniya, tafiya ta same ka."

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. In mutum ya fito yana murna an sallame shi, sai ya tsare shi: "Sallama kawai, ko har da wankewa? Wanda aka wanke, doka ta ce bai yi ba. Wanda aka sallama, ce masa aka yi je ka gida, muna sane da kai."

A jikinsa ya koyi wannan karatu. Da can shi ke riƙe da makullin wani siton siminti, aikin da yayansa ya tsaya masa ya samu. Wasu buhuna suka yi ƙafa, aka maka shi a kotu. Masu ƙara suka zo sau biyu suka gaji, alƙali ya sallame shi. Yayan bai taɓa ce masa ɓarawo ba, ya dai daina barin sa shi kaɗai a falo. Wannan ya fi masa zagi ciwo. Shi ya sa ya kafa benci a nan, wai ko wata rana a sake kiran ƙarar, ya samu takardar da zai nuna wa yayan.

Da yayan ya kwanta ciwon da har aka fara kiran dangi a yi sallama, sai Babban Lauya ya sa rigarsa mai kyau ya shiga ofishin magatakarda, ya nemi fayil ɗin tsohuwar ƙararsa.

"Baba," in ji magatakardan, "ruwa ya cinye tsoffin fayiloli tun kafin a ɗauke ni aiki."

"To a wanke ni mana, ɗana."

"Haba Baba, kai da kake koya wa mutane? Ba a wanke wanda ba a tuhuma. Sai dai in rubuta maka cewa mun duba, ba mu ga komai a kanka ba."

Ya karɓa da hannu biyu, har da hatimi. Bai tsaya kulle akwatinsa ba, ya nufi gidan yayan, ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Yaya, ga takarda daga kotu."

'Yar yayan ta karanta a hankali, sau biyu. Yayan ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juyo, ya dafa kan ƙanensa da tausayi, ya ce:

"Allah ya shirye ka. Har fayil ɗin ma ka ɗauke?"