Nonon da Muka Ɗebo wa Sanmu a Kudan

Ana sallame sallar asuba muka bar Paki a kan kekuna, ni da yayana, neman malamin dabbobi. Sanmu na huɗa, shi kaɗai gare mu, ciwon sammore ya kama shi. Ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, ga damina ta kawo kai.

A Ikara aka ce malamin dabbobi ya tafi Makarfi. Muka bi shi, hanya duk yashi, rabi tuƙi rabi turi. Makarfi kuwa garin rake ne, da kwabo muka sha har muƙamuƙi ya gaji. Muka iske malamin yana yi wa jama'a bayanin tsabta: a tafasa ruwa, a tafasa madara, don akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani. Yayana sai gyaɗa kai yake yi.

Da ya ji damuwarmu, ya ce irin ƙwayoyin ne a jinin san, suna lalata masa hanta. Zai zo da allura ran kasuwa. Kafin nan mu riƙa ɗura masa nono mai tsami, wai akwai wasu ƙwayoyin a cikinsa masu gyara ciki, hanta ta samu sauƙi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, su ne cutar, su ne kuma maganin?"

Ya ce, "Ƙwarai," ya haye babur. Wallahi kaina ya ɗaure tamau.

Muka shiga neman nono. A wata ruga bayan Kudan wata dattijuwa ta cika mana gora, ta ce ita ba ta sayar da na jinya. Muka kwana a Likoro, washegari muka kamo hanya.

Da isarmu gida na shiga gaida Baba. Fitowar da zan yi, sai ga nono a kan murhu yana tafarfasa!

"Haba Yaya, me ka yi haka?"

"Ba ka ji malam ya ce a tafasa ba?"

Na ji mana. Na kuma ji ɗaya maganar. Muka yi tsaye muna kallon tukunya, an rasa mai gaskiya. Da ya huce muka ɗura masa.

San bai kai ran kasuwa ba, dole muka yanka. Mahauci ya ɗago hantar, ta kumbura tana dagargajewa a hannunsa. Har yau ban sani ba, wutar ce ta kashe maganin ko dama mun makara. Abin da na koya dai shi ne, in ban gane magana ba, sai na riƙe babur na sake tambaya. Bana da garmar hannu za mu yi huɗa, har da Baba.