Delu Mai Cire Kurkunu

A Wurogauri, in kurkunu ya fito wa mutum a ƙafa, gidan Delu ake kai shi. Tsutsar nan fara, siririya kamar zare, Delu takan naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, kullum ta ɗan ƙara. In mutum ya zabura ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, shi da gona sai baɗi.

Delu ba ta da kyau, ba ta da fara'a, amma akwai ta da son sanin abu. Tun tana amarya ta lura: ƙato ya sha naushi a filin dambe yana dariya, ƙaya ta soke shi a hanyar gida ya zauna yana kiran uwa tasa. To ina zafin ya je ɗazu? Ta gwada. Ta ga in ta zagi mutum ya harzuƙa, sai ta ja tsutsa bai sani ba. Daga nan zagi ya zama rabin maganinta.

Daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama a titi, aka kawo mata Lawali, ɗan yayanta, mai tufka igiya. Geronsa ya tsiro, ciyawa na neman cinye shi, kuma shi kaɗai ne namiji a gidan. Lawali kuwa ko tsinke ya gani sai ya zabura, ga shi ba ya fushi.

"Kai dai raggo ne, kamar ubanka," in ji Delu.

"Haka ne, Gwaggo."

"Jakin maƙwabcinka Hamidu ya fi ka kai."

"Ai jakin nan akwai wayo, Gwaggo."

Ta taɓa tsinken, ya janye ƙafa har tsutsar ta miƙe. Delu ta saki da sauri. Ran nan ba ta ci tuwo da daɗi ba.

Da safe ta aika a kira matarsa Kubura, ta ce ta taho da kabar mijinta. Ta zaunar da ita gabansa, ta ce igiyar guga take so. Kubura ba ta taɓa tufka ba. Ta kama kaba busasshiya, ko jiƙawa babu, tana murzawa tana kakkaryewa.

Lawali ya duba, ya kau da kai, ya sake dubawa.

"Ke, wa ya ce miki ana tufka kaba ba a jiƙa ba? Tun daga garin Dangoma fa aka kawo kabar nan."

"To malam, haka na iya."

"Miƙo nan, kada ki ƙarasa ta."

Ya sa aka kawo ruwa, yana warwara yana faɗa. Kafin ya haɗa kamu ɗaya, Delu ta naɗe tsawon ɗan yatsa. Kullum Kubura ta zo ta ɓata kaba, har tsutsa ta fita ɗungum. Lawali ya yi nomansa yana ɗingishi.

Labari ya kai har Kambaza. Masu cire kurkunu na can suka ɗauki zagin kawai, suna ta zagin bayin Allah suna tsinka tsutsa.

Ita kuwa Delu tambayarta ba ta ƙare ba. Da kaka Lawali ya kawo mata damin gero, ta tsare shi a ƙofa.

"Lokacin da kake faɗa da Kubura, zafin yana ina?"

Ya sauke damin.

"Ni dai kabata nake gani, Gwaggo."